RN1: titi guda da ya ɗauki ƙasa baki ɗaya, daga Yamai zuwa Ngigmi

A cikin watan Agustan 2024, ruwan sama ya yanke hanyar ƙasa mai lamba 1 a Sorey, daf da ƙofar gabas ta birnin Yamai. Kwanaki aka yi bas-bas ɗin Maraɗi da Damagaram da Tawa suna tsaye a tsallaken ruwa, kamyo na albasa da tankokin mai sun yi dogon layi, fasinjoji kuwa sai da kwale-kwale suka ƙetare. Damina ce da ta hallaka mutane sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta kuma rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram. Amma abin da ya faru a Sorey ya nuna wani abu dabam: ƴan mitoci kaɗan na kwalta suka ɓalle, sai babban birnin ƙasa ya rabu da jihohin da ke ciyar da shi.

Hakan ya faru ne saboda Nijar ba ta da wata cikakkiyar hanyar kwalta ta biyu da ke haɗa yamma da gabas. Ba jirgin ƙasa, ba kogin da ke bin wannan layi. Duk abin da zai tashi daga Difa ko Damagaram zuwa Yamai, ko daga Yamai zuwa can, RN1 zai bi. Don haka ya dace mu san inda wannan hanya ta fito, abin da take ɗauke da shi a yau, da kuma abin da ke cin ta.

Garuruwan da ta ratsa

RN1 tana da reshe biyu. Na yamma ya tashi daga Yamai ya bi Tilaberi da Ayoru zuwa iyakar Mali. Na gabas, wanda aka fi sani da Hanyar Haɗin Kai, shi ne dogon: kusan kilomita 1500 daga Yamai zuwa Ngigmi, a yankin tafkin Chadi.

Matafiyin da ya bar Yamai da asuba zai wuce Kure, ƙasar raƙuman dawa, ya sauka cikin Dallol Boso a Birnin Gaure, ya isa Doso bayan kilomita 140 ko kusa da haka. A nan ne hanyar Gaya da Kotonu ke rabuwa ta yi kudu. Daga Doso sai Dogon Dutsi a ƙasar Arewa, sai Birnin Ƙonni a wajen kilomita 420, inda Illela ke nan kusa, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanyar Tawa da Agadas da Arlit ta yi arewa. Sai Malbaza mai siminti, Galmi mai albasa, Madawa da fadamar Tarka, Gidan Rumji, Tibirin Gobir, sannan Maraɗi a wajen kilomita 660.

Daga Maraɗi hanyar ta bi Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita, ta shiga Damagaram a wajen kilomita 900. Bayan nan ƙasa ta fara canza kama: Mirya, Gidimuni, Gure, sai tuddan rairayi na Gudumariya da Maine Sorwa, sai Difa a bakin Komadugu, kusan kilomita 1360 daga Yamai, sannan Kablewa da Ngigmi.

Wanda ya dubi taswira zai ga abu biyu. Na farko, hanyar ta bi ta cikin ɗan siririn yankin da ruwan sama ke isar noma, inda mafi yawan ƴan Nijar ke zaune. Na biyu, daga Dogon Dutsi har Difa tana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da iyakar Najeriya, kuma kowane babban gari yana da reshen da ya gangara kudu: Ƙonni zuwa Sakkwato, Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, Takeita ta Matamai zuwa Daura, Damagaram ta Magarya zuwa Kano. Wannan kusanci da iyaka yana da tarihi.

Iyakar da aka ja saboda hanya

Kafin zuwan Turawa, manyan hanyoyin fatauci na wannan yanki kudu da arewa suke bi. Ayarin raƙuma na tasowa daga Kano da Katsina ya bi Damagaram ko Tasawa zuwa Agadas, daga can zuwa Bilma ko Tarabulus. Layin yamma zuwa gabas buƙatar Faransa ce, wadda ke son haɗa mallakarta ta bakin kogin Kwara da tafkin Chadi.

Rundunar farko da ta bi wannan layi ita ce ta Voulet da Chanoine a 1899, kuma da jini ta bi shi. Ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe mutane ba adadi, har shugabannin nata biyu suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu a yankin Tasawa, aka binne su a Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci sojojin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, ta shiga birnin a ƙarshen watan Yulin wannan shekara. Yawancin wuraren nan a yau suna bakin kwalta ko kusa da ita.

Sai dai a kan takarda Faransa ba ta da ikon bin wannan hanya. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Ingila a 1898 ta bai wa Ingilishi duk ƙasar da ke cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato, da wani yanki na gabas da ita. Ke nan Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi duk sun faɗa ɓangaren Ingila. Ayarin Faransawa dole ya zagaya ta Filinge da Tawa, ya ratsa dajin da ba rijiyoyi, kafin ya isa Damagaram. Dabbobi na mutuwa, masu ɗaukar kaya na gudu.

Shi ya sa Faransa ta dage sai an sake zama. A yarjejeniyar 1904 ta haƙura da wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar tsibirin Terre-Neuve, wanda ke cikin Kanada a yau, a madadin haka aka ba ta wasu yankuna a Afirka, ciki har da matsar da iyaka zuwa kudu domin ta samu hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Chadi. An tabbatar da layin a 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da takwarorinta na Ingila suka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ma'ana, iyakar da ta raba Gobirawan Tibiri da na Sabon Birni, ta raba Katsinawan Maraɗi da na Katsina, an ja ta ne domin ayarin soja ya samu rijiyar da zai sha ruwa kowace rana. Hanyar ta riga ƙasar zuwa duniya.

Daga aikin tilas zuwa kwalta

Turbar farko ta mota talakawa suka share ta da hannu a ƙarƙashin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Kowane sarki da adadin mutanen da zai kawo, su sare itace, su ɗauko marmara a ka, su cike kwari bayan kowace damina. Da aka ɗauke fadar mulki daga Damagaram aka mai da ita Yamai a 1926, hanyar ta ƙara daraja a idon masu mulki, domin ta nan ne umarni ke sauka gabas, haraji kuma ke hawa yamma.

Ta fuskar kasuwanci kuwa, gyaɗar Maraɗi da Damagaram kudu take nufa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma ya fi kowace hanya kusa da arha. Faransa ba ta ji daɗin ganin amfanin mallakarta na bi ta hannun Ingila ba, sai ta ƙirƙiro shirin da aka kira Opération Hirondelle a 1953: motoci su ɗauko hajar da jirgin ƙasa ya kawo Paraku daga Kotonu, su koma da gyaɗa ta Doso da Gaya. Gadar Gaya da Malanbil ta 1958 da hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa da Dahome a 1959 sun ƙarfafa wannan layi. Tun lokacin ne ɗan kasuwar Maraɗi ke da ƙofa biyu, ta Kano da ta Kotonu, yana duba wadda ta fi sauƙi a kowace shekara.

A ranar samun ƴancin kai, 3 ga Agustan 1960, kwaltar da ke ƙasar ba ta taka kara ta karya ba. Gaɓa-gaɓa aka shimfiɗa ta a shekarun 1960 da 1970. Ɓangaren Gure zuwa Ngigmi, wanda ya fi kowane wuya saboda rairayi, Kanada ce ta taimaka da kuɗinsa a farkon shekarun 1970, zamanin Diori Hamani, kuma daga nan sunan Hanyar Haɗin Kai ya kama. Sunan yana da ma'ana ta siyasa, domin mutumin Difa ya fi kusa da Maiduguri da Njamena a kan Yamai, kuma gwamnatin wancan lokaci ta san cewa ƙasar da ba a iya ratsa ta da mota, riƙe ta zai yi wuya. Yunwar 1973 da 1974 ta ƙara tabbatar da haka, lokacin da kai hatsin agaji ƙauyuka ya zama babbar matsala. A zamanin Seyni Kountché, kuɗin yuraniyom ya gina hanyar Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, ta zo ta jingina da RN1 ta Tsarnawa, nauyi ya ƙaru a kan nauyi.

Abin da 2023 ta canza

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakokin Najeriya da Bene suka rufe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe gadar Gaya a nasu ɓangare bisa dalilan tsaro. Kayan da ke zuwa daga teku suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja.

An yi ta magana kan tsadar da wannan zagaye ya jawo, amma ba a cika duba abin da ya yi wa RN1 ba. A da, kamyon da ya ɗauko shinkafa ko ƙarfe daga Kotonu zuwa Maraɗi, idan ya iso Doso sai ya karya dama, bai ma ga Yamai ba. Yanzu wanda ya taso daga Lome sai ya shiga Yamai tukuna, a yi masa aikin duwan, sannan ya kama hanyar gabas tun daga kilomita ta farko. Motocin kuma ba ɗai-ɗai suke isowa ba, ɗaruruwa ne a lokaci guda idan ayari ya sauka. Ɓangaren Yamai zuwa Doso, wanda Sorey ke kansa, ya zama maƙogwaron da komai ke bi.

Man fetur ma haka. Matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 a arewacin Damagaram tana iya tace ganga 20,000 a rana, kuma tankoki ne ke kai esansi da gazuwal ɗinta Yamai, tafiyar kilomita 900 da ɗoriya. Shekara da shekaru man sumoga na Najeriya ne ke rage wa matatar nauyi a Ƙonni da Maraɗi da Magarya. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, arhar ta kau, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta hau. Ƙarancin man da aka yi fama da shi a watan Maris na 2025 ya nuna yadda ƙasar ta dogara ga matata ɗaya da hanya ɗaya. Ɗanyen man Agadem yana da bututunsa na kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar Bene, amma man da talaka ke zubawa a babur har yau a kan taya yake tafiya.

Abubuwa uku da ke cin hanyar

Na farko shi ne lodi fiye da ƙima. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda. Injiniyoyin hanya sun daɗe da auna cewa ɓarnar da gatari ke yi wa kwalta ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba: idan nauyin ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Gatarin da aka ɗora wa tan 16 maimakon 11.5 yana cin hanya kusan ninki huɗu. Mai mota yana da hujjarsa, domin gazuwal da taya da kuɗin shingaye sun yi tsada, sai ya ƙara buhu don tafiyar ta biya. Amma ribar da ya samu a tafiya ɗaya, al'umma ce ke biyan ta da hanyar da aka gina don shekara 15 ko 20 ta mutu tun ba ta kai rabin wa'adinta ba. Ma'aunin nauyi kuma ba ya amfani idan abin da ake yi kawai shi ne karɓar tara a bar motar ta wuce da kayanta.

Na biyu shi ne ruwa. RN1 ta gicciye kwaruruka da yawa: Dallol Boso, Dallol Mauri, Magiya, Tarka, gulbin Maraɗi, gulbin Kaba, da ƙoramu marasa adadi. An auna yawancin gadoji da magudanan da ke ƙarƙashinta ne a shekarun fari, lokacin da ruwa ya yi ƙaranci. Yanzu ruwan sama na sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, tuddai sun rasa itatuwan da ke riƙe shi, ƙasa ta daskare, sai ya gangaro da yashi ya toshe magudana ya bi ta kan kwalta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙaramin tsagu da ba a liƙe ba a watan Afrilu shi ne ramin da ke karya gatari a watan Satumba. A gabas kuwa, tsakanin Gure da Maine Sorwa, rairayi ne ke hawa kan hanyar.

Na uku shi ne tsaro. Tun harin Boko Haram a kan Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, dubban ƴan gudun hijira suka kafa bukkoki a gefen kwalta tsakanin Difa da Ngigmi, a wurare irin su Kincandi da Garin Wanzam, domin nan ne soja ke wucewa, nan ne motar ruwa da ta agaji ke iya isowa. A yamma, kisan mutum takwas a gandun Kure ranar 9 ga Agustan 2020 ya nuna cewa ko kusa da Yamai ba a tsira ba. A tsakiya, masu satar mutane da shanu sun addabi ƙauyukan gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji. Kowane shingen bincike da aka ƙara yana da dalilinsa, amma yana ƙara awoyi a tafiya, kuma albasar Galmi ko tattasan Difa ba sa jiran kowa.

Ga kuma haɗurra. Hanyar layi ɗaya ce kowane ɓangare, kuma bas mai gudu da tankin mai da amalanken shanu da ɗan kabu-kabu duk ita suke rabawa, ta tsakiyar kasuwannin ƙauye. Mutanen Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankin mai ya kife kusa da filin jirgin sama ya kama wuta, sama da mutum 50 suka mutu nan take.

Wa zai biya?

Shekaru da dama manyan gyare-gyaren RN1 da kuɗin waje ake yin su, musamman asusun FED na Tarayyar Turai da Bankin Duniya da bankunan raya ƙasa. Bayan 2023 dangantaka da Turai ta yi sanyi, wannan ƙofa ta ƙuntata. A 2025 Bankin Duniya ya amince da tallafa wa sake gina ɓangaren Maraɗi zuwa Damagaram, abin da mazauna Tasawa da Agye suka daɗe suna jira. Labari ne mai daɗi, sai dai kilomita 240 ne ko ƙasa da haka cikin 1500, kuma sabuwar kwalta ma tsufa za ta yi idan ba a kula da ita ba.

Kulawar yau da kullum aikin asusun FER ne, wanda ya gaji CAFER, kuma kuɗinsa na fitowa daga peyaji da wani kaso na harajin mai. Direban da ke miƙa kuɗi a kowace mashiga yana da haƙƙin sanin nawa aka tara a Doso ko Tsarnawa ko Takeita a shekara, da kuma kilomita nawa aka gyara da su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A lokacin da hukumomi ke kira ga ƴan ƙasa su dogara da kansu, bayyana waɗannan alƙaluma jiha-jiha zai fi kowane jawabi sa mutane su biya da zuciya ɗaya.

Jirgin ƙasa, wanda shi ne ya kamata ya ɗauke wa hanyar siminti da mai da hatsi, har yanzu bai zo ba. Layin dogo na Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Wanda ke tafe da gaske shi ne na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da Najeriya ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2021. Ranar da ya iso, Maraɗi za ta sake samun ƙofar kudu irin ta zamanin gyaɗa, kuma kayan da zai sauke, RN1 ce za ta rarraba su gabas da yamma. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma Katsina ba ta matsa daga inda take ba, kilomita 90 daga Maraɗi.

Abin da ake iya yi kafin damina

Ba duk magani ne ke buƙatar miliyoyin dala ba. Wuraren da ruwa ke yanke hanyar sanannu ne, direbobin Rimbo da STM da sauran kamfanoni za su iya lissafa su da ka. Yashe magudanai a watan Mayu, liƙe tsagu kafin ruwan farko, da ajiye injina da duwatsu a kusa da wuraren da aka san suna ɓallewa, aiki ne da ma'aikatar kula da hanyoyi da ƙananan hukumomi za su iya yi da matasan garuruwan. Gadojin da za a sake ginawa kuma a auna su da ruwan 2024, ba da na 1984 ba.

Batun lodi yana buƙatar a zauna da ƙungiyoyin masu motoci da ƴan kasuwa, a rage musu shingayen da ba su da amfani, su kuma su yarda a sauke duk abin da ya wuce ƙima a wurin awo. Sannan a dubi hanyoyin da za su iya zama madadin RN1 idan ta yanke, kamar ta Yamai zuwa Filinge da Tawa, wadda ita ce tsohon zagayen da Faransawa suka gudu daga gare shi a farkon ƙarnin jiya. Idan ta zama kwalta mai kyau daga farko har ƙarshe, jihohin Tawa da Agadas za su samu ƙofa ta biyu zuwa babban birni.

Manomin albasa a Madawa, mai sayar da barkono a Difa, ɗalibin da ke komawa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da majinyacin da ake kaiwa babban asibitin Maraɗi, duk farashin rayuwarsu yana hawa da sauka da lafiyar wannan titi. Kasafin kuɗin gyaransa da ranar fara yashe magudanansa abubuwa ne da ya kamata gwamnonin jihohi su sanar da jama'a tun kafin hadarin farko ya haɗu.